Taswira Amana Ce



Wanda ya san ƙasar Makoɗa, a arewacin Jihar Kano, ya san gidajen gona a warwatse suke, wannan na hangen wancan, turba ta ratsa ta cikin gero da dawa. Baƙo ba ya gane inda unguwa ta ƙare, wata ta soma. Wannan ya daɗe yana wahal da masu rigakafin shan-inna, domin da taswirar hannu suke aiki, kuma ƙauyen da mai zane ya manta, yaransa sun rasa magani ke nan.

Daga shekarar 2012 aka shiga zana taswirar garuruwan Arewa da hotunan tauraron ɗan'adam, da taimakon Gidauniyar Bill da Melinda Gates da ƙungiyar eHealth Africa mai ofis a Kano. Aka riƙa ba ma'aikata waya mai nuna duk inda suka taka, aka gano ƙauyuka da rugage da ba a taɓa zuwa ba. A watan Yulin 2014 aka ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a jiharmu, a Sumaila. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Afirka ta rabu da ita.

Rashin shiga taswira yakan jawo asarar rai. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin sojan sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, a Jihar Borno, mutane masu yawa suka hallaka, har da ma'aikatan agaji. Da sojoji suka yi bincike, sai suka ce babu alamar sansanin a taswirar aikinsu.

To amma shigar ma tana da nata haɗari. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a birnin Kano. Mu duba: na'urar da ke gaya wa shugaban aiki inda ma'aikaciya take, in bayaninta ya faɗa hannun mugu, shi ma ta gaya masa. Haka takardar da ta nuna gidan da ya ƙi rigakafi, ko inda masu gudun hijira suka fake.

Talaka kuwa bai manta ba. A zamanin Turawa malaman taki sun auna gonakin ƙasar Kano, haraji ya biyo baya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Gobe mu ne za mu zauna a ofisoshin da ake ajiye waɗannan bayanai. Saboda haka mu riƙe abu huɗu. Kada mu ɗauki bayanin gari sai mun sanar da dagaci da masu unguwa da magidanta dalilinmu, cikin harshen da suke ji. Kada mu tara fiye da abin da aikin yake bukata. Abin da aka karɓa don magani ko rabon abinci, kada a miƙa shi ga mai haraji ko ɗan siyasa. In aiki ya ƙare, a goge sunayen mutane da alamar gidajensu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tanadi hukunci, amma doka ba ta gadin kwamfuta da dare, sai ma'aikaci mai tsoron Allah.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.