Tazarar Haihuwa: Wa Zai Biya, Wa Ke Da Ta Cewa?

Uwargida, matso da rediyon kusa, don zancen namu na yau na cikin ɗaka ne, ko da yake daga nesa za mu ɗauko shi.

A ƙasar Amurka, yawancin ma'aikata ta wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya. Wato mai kamfani ya zuba kuɗi, ma'aikaci ya zuba, in ciwo ya zo a biya asibiti daga nan. A shekarar 2010 gwamnatin Shugaba Obama ta yi sabuwar dokar lafiya, a ƙarƙashinta aka ce dole inshorar ta ɗauki nauyin maganin tazarar haihuwa, mace ta karɓa ba tare da ta biya ko kwabo ba. To nan fa aka ja daga. Wasu Kiristoci masu kamfanin Hobby Lobby suka ce addininsu bai yarda da wasu daga cikin magungunan ba, don haka tilasta musu biya tauye 'yancin addini ne. A 2014 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya, alƙalai 5 suka rinjayi 4. A 2020 kuma, a shari'ar da ta shafi wata ƙungiyar sistocin Katolika, kotun ta ce gwamnati na da ikon ɗauke wa masu irin wannan uzuri nauyin. Su kuwa masu kare dokar cewa suka yi, ai ma'aikaciya ma tana da imaninta, don me na maigidan aikinta zai danne nata?

Kin ji fa. Gwamnati na ja, masu kuɗi na ja, ita kuwa mai ɗaukar cikin wata tara tana gefe tana jiran hukunci.

Za ki ce, to mu ina ruwanmu? Da ruwanmu, 'yar'uwa. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Nijeriya, a nan Zamfara kuma akwai hukumar ZAMCHEMA mai kula da asusun taimakekeniyar lafiya. Duk inda aka tara kuɗin jama'a wuri guda, sai an tambayi abin da za a saya da su. Mu kuwa jiharmu ce ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, ba a taɓa mana maganar haihuwa ba tare da an bi ta kan addini ba. Gara mu san amsa tun ba a yanke mana a bayan idonmu ba.

Mu fara da inshorar kanta. Ki ɗauke ta kamar adashi, sai dai ita ba a bin layi wajen kwasa: wadda lalura ta faɗa wa ita ke ɗauka. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci irin wadda aka saba, amma ta halatta wadda aka gina a kan gudunmawa da taimakon juna. Irin wannan ce ake kira takaful.

Sai tazarar haihuwa. Wannan majalisa dai ta zauna a Kuwait a 1988 ta fitar da hukunci mai rassa uku. Na ɗaya, bai halatta hukuma ta kafa dokar da za ta ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya ba. Na biyu, haramun ne a tsayar wa mace ko namiji haihuwa gaba ɗaya, sai da lalurar da shari'a ta yarda da ita. Na uku, ya halatta miji da mata su ba da tazara na wani lokaci in akwai buƙata, bisa shawara da yardar juna, matuƙar hanyar ba ta cutarwa kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. Akwai malaman da suka fi wannan tsanani, kuma muna girmama su. Amma ki lura da inda hukuncin ya ajiye maganar: a hannunki da na maigida. Bai ba gwamnati ba, bai ba mai kuɗi ba.

Kuma tazara ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe. Kakanninmu sukan tafi gida goyon ciki, su yi wankan jego, su shayar shekara biyu kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara. Wadda ta yi kwanika har tsegumi ake mata a gidan suna, don an san ɗan goye shi ke shan wahala, nono ya ƙafe, yaro ya rame. Likitoci ma abin da suka ce ke nan: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a huta wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani cikin. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a cikin kowace haihuwa 100,000 mata 512 ke rasa rai a Nijeriya. Allah Ya jiƙansu. Kowa da kwanansa, gaskiya ne, amma an umurce mu da riƙo da sababi. Ku kun fi ni sanin abin da ake ciki in naƙuda ta zo da zubar jini tsakar dare a ƙauye, ga hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, ga asibitin Anka ko na Gummi da nisa.

Na san akwai zargi a zukata. A 2003 an dakatar da allurar shan inna a Kano da nan Zamfara bisa jita-jitar tana hana haihuwa, cutar ta sake bazuwa, yara suka nakasa. A 2010 kuwa, da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a garuruwa irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, ma'aikatan lafiya ne suka gano musabbabin, suka ceto dubbai. Darasin shi ne a yi tambaya, a tabbatar, kada a karɓa ido rufe, kada kuma a ƙi ido rufe.

To wa zai biya? Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Sai dai kaso mai yawa na kuɗin daga ƙasashen waje yake zuwa, kuma a 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta agaji, USAID. Kwanon maƙwabci ba abin dogaro ba ne. Ra'ayina shi ne asusun lafiyarmu ya ɗauki wannan nauyi, kamar yadda zai ɗauki na awo da haihuwa. Wadda ba ta so, kada a matsa mata, kada a yi mata gori, kada kuma a yi mata komai a jiki ba da saninta ba. Wadda likita ya ce jininta ya yi ƙasa ko an yi mata aiki tana buƙatar hutu, kada rashin kuɗi ko ra'ayin wani ya hana ta. Wannan shi ne 'yancin addinin da ya shigo har cikin ɗaki.

Ga shawarata, uwargida. Ki samu maigida lokacin da ya ci ya huta, ki yi masa magana da lafazi mai daɗi, ki roƙe shi ya raka ki asibiti ya ji da kunnensa. Kada ki yi a ɓoye, ranar da ya gano, yarda ce za ta rushe. Kada ki aiki yaro kemis, kada ki ari ƙwayar kishiya ko maƙwabciya, don abin da ya karɓi wata yana iya cutar da ke, musamman mai hawan jini. Akwai ƙwaya, akwai allurar wata biyu ko uku, akwai ashanar damtse mai shekara uku zuwa biyar. Wasunsu kan rikita jinin al'ada, don haka ki tambayi ma'aikaciyar lafiya tun farko, ki kuma tambayi malamarku ta Islamiyya hukuncin salla da azumi in hakan ta faru. Sannan ki sa maigida ya bincika a asibitin kusa yadda ake rajistar asusun lafiya da abin da ya ƙunsa.

Ku kuma iyayenmu maza da ke saurare daga zaure, in 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a, ku tambaye su nawa suka ware wa lafiyar mata. Amana ce Allah Ya ba ku.

Masu ciki Allah Ya sauke ku lafiya, masu goyo Allah Ya raya, masu nema Allah Ya ba ku masu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.