BIKIN LITTATTAFAI DOMIN SAMARI DA 'YAN MATA
Jawabi ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan jawabi ne domin Hakimai da malamansu, musamman na ƙasar Dutsin-Ma da ta Kurfi, da sauran gundumomin da ke maƙwabtaka da su a tsakiyar Jihar Katsina. Abin da ya ke magana a kai shi ne wata al'ada da ta yaɗu a ƙasashe da yawa, watau tara samari da 'yan mata wuri ɗaya tare da mutanen da su ke rubuta littattafan da su ke karantawa. Dalilin kawo maganar gaban shugabanni kuwa a fili ya ke. Gwamnati ta kan gina makaranta, iyaye su sa yaro, malami ya koya masa haɗa baƙi. Amma in yaron ya fita bai sami abin da zai riƙa karantawa don kansa ba, cikin 'yan shekaru sai karatun ya dushe, kamar fartanyar da aka jingine ta yi tsatsa. Wannan hasara ta ƙasa ce duka, Hakimi kuwa shi ne uban ƙasa.

Mene Ne Bikin Littattafai?

Kasuwar littattafai daɗaɗɗiya ce a duniya. Wadda ta fi suna ita ce ta birnin Frankfurt a Jamus, wadda aka sake kafawa a shekara ta 1949, amma ita galibi ta masu buga littattafai ce da dillalansu. Bikin da a ke nufi a nan dabam ya ke, domin an shirya shi ne sabo da mai karatu. A kan gayyato marubuta su zauna gaban jama'a, ko wannensu ya karanta wani yanki na littafinsa, ya faɗi yadda ya yi ya rubuta shi, sa'an nan a yi masa tambayoyi. Bayan haka wanda ya sayi littafin ya kan kai wa marubucin ya sa masa hannu a ciki don tunawa.

A waɗansu ƙasashe har an ware wa matasa nasu bikin. A Amurka an fara wani mai suna YALLFest a garin Charleston a shekara ta 2011, a Ingila kuma an fara irinsa a birnin Landan a shekara ta 2014, bisa jagorancin wata marubuciya mai suna Malorie Blackman. Hikimar abin ita ce, yaro mai shekara goma sha biyar ya kan zaci littafi wani abu ne da ya ke fitowa daga wata duniya. Ran da ya ga marubucin da idonsa, ya ji mutum ne kamar kowa, mai yin kuskure yana gyarawa, sai ransa ya ba shi cewa shi ma zai iya. Gani ya kori ji.

Abin Da Ya Taɓa Faruwa a Katsina

Kada a ɗauka wannan baƙon abu ne ga ƙasar Katsina. Tun zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, a ƙarni na 17, almajirai su ke zuwa birnin Katsina su zauna gaban malamai masu talifi. A fannin boko ma an ga misali. A shekara ta 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labarai da Hausa, aka sa gasa. Littattafai biyar aka buga daga cikin abin da aka samu: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi Dokta East.

Abu biyu ya kamata a lura da su. Na farko, Malam Abubakar Imam da wansa Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, duka a Katsina su ke aikin koyarwa a lokacin. Na biyu, an haifi Malam Abubakar Imam a 1911, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa a 1912, watau ko wannensu bai wuce shekara 22 ba sa'ad da aka sa gasar. Samari ne ƙwarai. Da ba a je an same su har inda su ke an ce su rubuta ba, mai yiwuwa ne da labaran sun tsaya a cikinsu. Daga wannan gasa ce aka kira Malam Abubakar Imam Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, a 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Da aka ɗaura Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Kumasi, mutumin Katsina, ya shugabanta, sai aka ga koya wa mutum karatu kaɗai bai isa ba, tilas a ba shi abin karantawa. Sabo da haka aka kafa hukumar NORLA a Zariya, ta yi ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, har Lardin Katsina ya sami tasa mai suna Himma. Hakimai da dagatai na lokacin su ne su ka tara mutane a azuzuwa.

Ƙasar ba ta daina fid da marubuta ba. Sulaiman Ibrahim Katsina ya fito da Mallakin Zuciyata a 1980 ta hanyar gasar kamfanin NNPC na Zariya, gasar da ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. A 1982 aka buga Turmin Danya nasa, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Daga Funtuwa kuma Bilkisu Salisu Ahmed ta rubuta Allura Cikin Ruwa, wanda mata da yawa su ka karanta.

Bukukuwan Da Aka Yi a Arewa

A shekara ta 2017 aka yi bikin littattafai da fasaha na farko a Kaduna, wanda a ke kira KABAFEST, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Kaduna da Lola Shoneyin, wadda ta kafa bikin Ake a Abeokuta a 2013. A wurin an karrama Zaynab Alkali, mai littafin The Stillborn na 1984, Leila Aboulela 'yar ƙasar Sudan kuma ta halarta. A 2021, a Kaduna dai, Sada Malumfashi da abokan aikinsa su ka fara wani bikin mai suna HIBAF, wanda ya ba rubutun Hausa fifiko. Sashen Hausa na BBC kuma ya fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016.

Duk waɗannan abin yabo ne. Amma a manyan birane a ke yinsu. Ɗan manomi na ƙauyen Kurfi, ko 'yar masunci ta bakin madatsar ruwa ta Zoɓe, ba su da kuɗin mota zuwa Kaduna, in ma suna da shi iyaye ba za su bar su ba. To, in yaro ba zai iya zuwa wurin marubuci ba, abin da ya rage shi ne a kawo marubucin wurin yaro.

Abin Da Dutsin-Ma da Kurfi Su Ke Da Shi

Garuruwan nan biyu suna kan hanya ɗaya daga Katsina, kuma ba su rasa kayan aiki ba. A Dutsin-Ma akwai Kwalejin Ilmi mai sunan Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda ya riƙe Ministan Ilmi na Jihar Arewa, akwai kuma Jami'ar Tarayya wadda aka kafa a 2011. Nan akwai ɗakunan taro, da malamai masana harshe, da ɗalibai daga sassan ƙasa. A Kurfi kuwa ita sarautar ma ta san alƙalami, gama Alhaji Ahmadu Kurfi, wanda ya riƙe sarautar Maraɗin Katsina, ya yi sakataren hukumar zaɓe ta ƙasa a zaɓen 1979, ya kuma rubuta littattafai a kan sha'anin zaɓe. Idan gidan Yandaka da gidan Maraɗi su ka haɗa kai, su ka riƙa karɓar taron bi da bi, bana nan baɗi can, nauyin ba zai yi wa kowa yawa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani Tsoro Da A Ke Yi

Akwai dattawa masu cewa littattafan Hausa na zamani na soyayya ne, suna ɓata tarbiyya. An daɗe ana wannan gardama, tun sa'ad da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da ire-irensa su ka cika kasuwa a farkon shekarun 1990, har a 2007 aka ƙone waɗansu littattafai a bainar jama'a a Kano. Ba a ce duk abin da aka buga mai kyau ne ba. Amma Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, alal misali, magana ya ke yi a kan magidancin da ya wulakanta iyalinsa, irin ƙarar da Hakimi ya ke saurara a zaurensa ko wane mako. An fassara shi da Turanci, aka buga a Indiya a 2012.

Bugu da ƙari, yau yara da yawa a wayar hannu su ke karanta labarai, inda ba uba ba malami. Hani bai kai can ba. Marubucin da ya zauna a fili gaban Hakimi da liman da iyaye, ya san za a tambaye shi dalilin abin da ya rubuta, shi ne zai fi kula da alƙalaminsa. Yaro kuma a nan zai koyi rarrabe tsaba da tsakuwa.

Aikin Hakimi

1. Ya nemi iznin Mai Martaba Sarki, ya sanar da shugaban ƙaramar hukuma da sakataren ilmi tun da wuri.

2. Ya naɗa ɗan ƙaramin kwamiti: shugabannin makarantu, da liman, da malama mace, da mai sayar da littattafai, da saurayi ɗaya da budurwa ɗaya daga cikin ɗalibai. Da ɗan gari a kan ci gari.

3. Ya zaɓi rana da rani, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi, kada ta faɗa ranar kasuwa ko lokacin jarrabawa. Ranar 23 ga Afrilu, wadda hukumar UNESCO ta ware a 1995 ta zama ranar littafi ta duniya, ta dace, in ba ta zo cikin azumi ba.

4. Ya kula da tsaro. Ba a manta da ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka sace a Disamba 2020 ba. Sabo da haka a yi taron da rana, a tsakiyar gari, da sanin jami'an tsaro, a tashi bayan la'asar don kowa ya isa gida da ido.

5. Ya umarci dagatai da masu unguwanni su yi shela, su kuma tabbatar wa iyaye an keɓe wa 'yan mata wurin zama tare da malamansu mata.

6. Ya saukar da baƙi kamar yadda a ke saukar da malamai, a biya musu kuɗin mota. Marubuta biyu ko uku sun isa a karon farko, a sa mace a ciki, a sa kuma mai waƙa, ko ta boko ko ta ajami.

7. Ya roƙi attajirai su sayi littattafai a raba wa makarantu. A saya daga hannun marubucin ko kamfanin da ya buga, domin kwafin sata zalunci ne ga mai shi.

Aikin Malamin Hakimi

Shi ne zai rubuta takardun gayyata, aƙalla wata biyu kafin ranar. Ya tabbata littattafan baƙin sun isa makarantu tun da sauran lokaci, gama yaron da bai karanta littafi ba ba shi da abin da zai tambayi mai shi. Ya buɗe rajista ya rubuta kuɗin da ya shigo da wanda ya fita, da sunan ko wane littafi da makarantar da aka ba, shugabanta ya sa hannu. In an sa gasar gajeren labari, ya karɓi rubutun ya sa wa ko wanne lamba maimakon suna, don kada a ce an yi son kai. Ya kuma adana labaran da su ka yi fice, kada su salwanta. Bayan wata uku ya zaga makarantun ya duba ko ana ba yara aron littattafan, ko kuwa an kulle su a kabad ana jiran mai duba makarantu. Abin da ya gani ya rubuta wa Hakimi.

Kammalawa

Ba a bukatar dukiya mai yawa kafin a fara. Inuwa, da tabarmi, da tebur ɗaya na littattafai, da mutum biyu masu abin faɗi, sun isa. Abin da ba a iya saye shi ne zuwan Hakimi da kansa, domin inda talakawa su ka ga ubangidansu ya zauna ya saurara, nan su ke gane abin yana da daraja. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba Hakimai ikon riƙon amanar yaran da aka danƙa musu, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.