Tuwon Dare da Bishiyar Gona



Kowace al'umma tana da abincin da takan nema idan kewar gida ta kama ta. Mutumin Amurka yakan niƙa naman shanu, ya mulmula, ya soya, ya kwarara masa romon naman kaza. Mu kuwa 'ya'yan ƙasar Ɗambatta da Bichi da Minjibir, namu shi ne tuwon dawa da miyar kuka bayan magariba.

To, mu dubi abin da ke cikin akushin nan. Dawar ta fito daga gonar da ake nomawa kowace damina ba hutu, sai takin da ake kai mata da rani. Kukar ganyen bishiyar da kakanni suka bari tsakiyar gona ce. Daddawar kuwa kalwar ɗorawa ce, wadda iyayenmu mata kan dafa, su rufe kwana biyu ko uku har ta nuna. Nama ba kullum ba. In an sami na layya, a kirɓa a turmi, a soya dambu.

Abin damuwa, ɗorawa tana tsufa, ana sarewa, ba a dasa wata. Alhali farin 1973 ya koya wa kakanninmu cewa bishiyar gona rumbu ce na biyu. Gobe mu ne ma'aikatan gona da na ƙananan hukumomi. Saboda haka kowannenmu ya dasa ɗorawa guda a daminar bana.

Allah ya sa mu dace.