Sauya Birkin Motar Gudu: Tsakanin Taya da Zafi



Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka ce, me ya haɗa malamin Hausa da birkin mota? To, ga dalili. A shekarun da na yi a Ingila ina neman digiri na uku, na zauna haya a gidan wani dattijo wanda ya yi ritaya, ba shi kuwa da abin so a duniya kamar wata 'yar jar mota mai kujera biyu, ƙirar Mazda MX-5. Ran Asabar in karatu ya ishe ni, sai in sauko gareji in riƙa miƙa masa sufana. A nan na ga mutum mai hankali ya kashe kuɗi masu yawa don ya ƙara wa motarsa ƙarfin birki, aka wayi gari motar ta fi dā wuyar tsayawa. Yadda haka ta faru shi ne abin da nake so mu duba yau.

Da farko sai mu daidaita kan kalmomi. In na ce motar gudu, ina nufin ƙaramar mota marar nauyi wadda aka ƙera don jin daɗin tuƙi. Mai ita yana iya zuwa aiki da ita, ran hutu kuma ya biya kuɗi ya shiga filin tsere ya sake mata linzami. Ita MX-5 ta fito a 1989, nauyinta kuwa kimanin tan ɗaya ne. In kuma na ce kayan kasuwa, ba jabu nake nufi ba. Ina nufin kayan da wani kamfani dabam ya ƙera don a sa su a madadin na asali, kamar na Brembo, wanda aka kafa a 1961 kusa da Bergamo a Italiya, ko AP Racing na Coventry, ko Wilwood na Amurka. Waɗansu daga cikinsu ma su ne ke ƙera wa manyan kamfanonin motoci birkin da ake kira na asali.

Birkin irin wannan mota yana da faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Akwai wani abu mai kama da awartakin maƙera da ya rungumi faifan, a cikin bakinsa kuma akwai takalma biyu. In direba ya taka feda, man birki ya bi bututu ya tura fistin, sai takalman su matse faifan.

Da'awata ita ce, in birkin asali yana iya cije taya har ta daina juyawa, to ƙara masa girma ba zai rage ko taku ɗaya daga tazarar tsayawa ba. Duk wanda ya taɓa kallon mahaya suna jahi ran hawan salla ya san wannan, ko bai lura ba. Linzami umarni kawai yake bayarwa, kofato ne ke kama ƙasa. A ƙara wa linzami kaifi yadda aka ga dama, in ƙasar santsi gare ta doki sai ya zame. Haka mota take: birki yana tsayar da taya, taya ce ke tsayar da mota, kuma wurin da kowace taya ta taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. In taya mai kyau ce, a kan busasshiyar kwalta, har riƙonta ya yi daidai da nauyin da ke kanta, motar za ta tsaya cikin kimanin mita 39. In riƙon ya ragu zuwa kashi 70 cikin ɗari, saboda tsufan taya ko danshi, tazarar ta zama kimanin mita 56. Bambancin mita 17 ke nan, kuma babu faifan da zai dawo da su.

To, in haka ne, me masu sayen babban birki suke saye? Juriyar zafi suke saye. Aikin birki shi ne ya mai da gudu ya zama zafi. Mota mai tan ɗaya in ta tsaya daga gudun kilomita 100 a awa, zafin da ke fita ya isa ya kai lita ɗaya ta ruwan sanyi ga tafasa. In gudun ya ninka ya zama 200, zafin ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi. A kan hanya mutum yakan yi irin wannan tsayawa sau ɗaya, faifai ya sha iska ya huce. A filin tsere kuwa kowace kwana sai an taka, kafin faifai ya huce an sake ɗora masa wani zafin, har a kai inda birki zai gaza.

A nan ina roƙon ku yi mini uzuri in koma ga sana'ata. Mu da Hausa mukan ce birki ya shanye, mu tsaya nan. Amma cuta biyu ce muka ba suna ɗaya. Ta farko, takalma sun yi zafi fiye da ƙima, sun daina kama faifai: feda tana da tauri, direba yana takawa da ƙarfi, mota ba ta tsayawa. Ta biyu, man birki ne ya tafasa ya yi tururi a cikin bututu, shi kuwa tururi yana matsuwa, sai feda ta yi laushi ta nutse har ƙasa. Maganin ta farko takalma ne, maganin ta biyu mai ne. Wanda bai rarrabe su ba zai sayi maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba.

Tarihi ma ya nuna cewa zafi ne tushen maganar. Frederick Lanchester ya yi rajistar birki mai faifai a Ingila tun 1902, amma aka shafe kusan shekara hamsin ana amfani da mai ganga, wanda takalmansa ke rufe a ciki, zafi ba ya samun mafita. Abin da ya sauya ra'ayin mutane shi ne tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, a 1953. Kamfanin Jaguar ya shigo da motocinsa ƙirar C-type ɗauke da birki mai faifai na Dunlop. Waɗansu abokan karawarsu sun fi su ƙarfin inji, amma a ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne direbobin Jaguar suna iya jinkirta taka birki, zagaye bayan zagaye, dare da rana, bai shanye ba. Tony Rolt da Duncan Hamilton suka zo na ɗaya, kuma karo na farko ke nan da aka ci wannan tsere da matsakaicin gudu sama da mil 100 a awa. Bayan shekara biyu Citroën DS ta fito da faifai a gaba, Triumph TR3 ta biyo baya a 1956.

Saboda haka, wanda zai gyara birkin motarsa, a ganina, sai ya fara daga mai araha. Bayan taya, abu na farko man birki ne. Irin wanda aka saba da shi yana shan danshi daga iska, wannan kuwa yana rage zafin da zai jure. Mai lamba DOT 3, sabo, ƙa'ida ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, amma in ya sha ruwa sai ƙa'idar ta sauko zuwa 140. DOT 4 yana da 230 da 155, DOT 5.1 kuwa 260 da 180. Ku dubi wannan faɗuwa. Tsohon mai na shekara biyar ya fi ƙaramin faifai haɗari nesa ba kusa ba, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a sauya shi duk shekara biyu. A kula kuma, DOT 5 kawai, marar ɗigo ɗaya a gaba, wani iri ne dabam na silikon, ba a gauraya shi da sauran.

Na biyu takalma. Akwai na hanya, akwai na tsere, akwai na tsaka-tsaki. Na tsere sai sun yi zafi suke kamawa sosai. Wanda ya sa su a motar da yake kai yara makaranta da sanyin safiya ya rage wa kansa birki a daidai lokacin da yake bukatarsa, ga ƙara, ga cin faifai. A Turai akwai ƙa'idar ECE R90, wadda ta ce takalman kasuwa da za a sayar don hawa hanya kada aikinsu ya bambanta da na asali fiye da kashi 15 cikin ɗari.

Tiyo mai saƙar ƙarfe ba zan daɗe a kansa ba. Ba ya kumbura kamar tsohon na roba, saboda haka feda takan yi tauri, direba ya ji daɗin aunawa. Iyakarsa ke nan. Faifai mai huje-huje kuwa kyan gani gare shi, amma a zafin filin tsere yakan fara tsagewa daga bakin ramukan. Shi kuma faifan kabon da yumɓu, wanda Porsche ta sa wa 911 GT2 a 2001, nauyinsa kimanin rabin na ƙarfe ne, tsadarsa kuwa ta sa ba maganar mai ƙaramar mota ba ce.

Yanzu sai mu koma gareji. Dattijon nan ya tsallake duk waɗannan matakai, ya yi odar manyan faifai da awartaki mai fistin huɗu na gaba kaɗai. Da kayan suka iso, sai wilinsa mai inci 14 ya ƙi rufe su, dole ya sayi mai inci 15, kuɗin sababbin tayoyi masu kyau ya tafi a nan, ya sa na hannu. Da aka gama, feda ta ƙara nisa, domin manyan fistin sun fi shan mai, ga shi famfon da ke tura man bai sauya ba. Wannan mai sauƙi ne.

Babbar matsalar ita ce rabo. In an taka birki nauyin mota yakan rinjaya gaba, don haka tayoyin gaba ke ɗaukar kaso mafi yawa, amma na baya ma suna da nasu, kuma injiniyoyin da suka ƙera motar sun auna wannan rabo. Da ya ƙara wa gaba ƙarfi ya bar baya, sai tayoyin gaba suka riƙa cijewa tun na baya ba su ba da nasu kason ba. Tayar da ta cije kuwa ja take yi, riƙonta ya ragu, sitiyari kuma ba ya jin magana. Motarsa ba ta da na'urar nan ta ABS mai hana taya cijewa, wadda Bosch da Mercedes-Benz suka fito da ita a 1978. Ko da tana da ita, na'urar an daidaita ta ne da birkin asali, sauyin da ya yi nisa yana iya rikita ta. Da kuma baya ya ƙara wa ƙarfi fiye da ƙima, abin ya fi muni, domin in tayoyin baya suka riga cijewa mota juyawa take yi ta fuskanci inda ta fito.

Wata ranar Lahadi da yayyafi, ina zaune a gefensa, muka zo wata mahaɗa, ya taka, motar ta zarce layi da tsawon kanta guda. Allah ya kiyaye, babu mai zuwa. Bai ce uffan ba har muka isa gida.

Abin da ya yi daga baya shi ne abin da ya kamata ya fara da shi. Ya cire kayan ya sayar da hasara. MX-5 ta farko mai inji 1.6 faifanta na gaba milimita 235 ne, na baya 231. Wadda ta biyo ta mai inji 1.8 tana da 255 da 251. Sai ya samo na 1.8 ɗin gaba da baya tare da mariƙansu, watau ya ƙara ƙarfen da zai sha zafi ba tare da ya ɓata rabo ba. Ya zuba sabon DOT 4, ya fitar da iska daga bututu, ya sayi tayoyi huɗu sababbi. Sa'an nan ya fita wata hanya marar jama'a ya yi ta rage gudu da ƙarfi sau da yawa a jere ba tare da ya tsaya cak ba, don takalma su shimfiɗa jikinsu a kan faifai daidai, ya bar su suka huce yana tafiya. Washegari ya buga wa kamfanin inshorarsa waya ya sanar da su sauyin, domin a Ingila wanda ya ɓoye irin wannan yana iya rasa diyya ranar da ya yi haɗari.

Mai girma Shugaba, iyakar abin da na zo da shi ke nan. Na ga akwai malaman injiniya a sahun gaba, ina sauraron gyaransu.