Jarin Da Ba Ya Shiga Banki: Matsalar Ma'aikata A Harkar Kasuwanci

 

An ɗora mini nauyin in yi tsokaci kan matsalolin da mai harka yake fuskanta wajen ma'aikatansa, ganin da yawa daga cikinmu yanzu suna da shaguna, injinan casar shinkafa, gidajen mai ko gonakin noman rani a Talata Mafara, Bakura da Maradun. Abin da zan ce a taƙaice shi ne, jarin da ya fi wuyar samu da riƙewa shi ne mutum.

Mu duba abin da ke ƙofar gidanmu. An kammala Madatsar Ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin. An kawo injuna da bututan feshin ruwa masu tsada, amma manoman da aka karɓi gonakinsu ba a saurare su yadda ya kamata kan diyya ba, har abin ya kai ga zubar da jini a watan Afrilun 1980. Daga baya sashen feshin ya durƙushe saboda tsadar wuta da rashin gyara. Sai a 2014, da shirin TRIMING na Bankin Duniya, aka dawo da batun farfaɗo da aikin. Jama'a, kuɗi da injuna sun zo, amma an manta da mutanen da za su yi amfani da su, su kuma kula da su.

Haka abin yake ga ƙananan harkokinmu. Matsala ta farko ita ce ɗaukar ma'aikaci don zumunci. Ba laifi ba ne ka jawo ɗan yayanka jiki, amma idan ka ba shi akwatin kuɗi alhali bai iya lissafi ba, ranar da ciniki ya ɓata ba za ka iya sallamarsa ba sai an yi taron dangi. Ka ba kowa aikin da ya iya, ka kuma sa a riƙa rubuta shiga da fita kullum.

Ta biyu ita ce riƙe wanda ya ƙware. Ka koya wa yaro gyaran injin ban ruwa shekara uku, da zarar hannunsa ya faɗa sai ya tafi Abuja ko Legas, ko ya bi abokansa haƙar zinare. Rashin tsaro a ƙauyukanmu ya ƙara tsananta wannan. Iyayenmu 'yan kasuwa suna da maganin abin: yaron shago ya san cewa bayan shekaru kaza ubangidansa zai sallame shi da jari. Wanda ya ga gabansa a wurinka ba ya saurin barinka.

Ta uku ita ce albashi. A 2024 gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000, bayan cire tallafin mai a 2023 ya tsuga farashin komai. Ƙaramin ɗan kasuwa ba lallai ya kai wannan ba, amma abin da aka yi yarjejeniya a kai a biya shi ran da aka ce. Addininmu ya yi horo da kada a ja wa ɗan ƙodago rai kan haƙƙinsa. Albashin da aka jinkirta yakan koya wa mai amana dogon hannu.

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce, mu haɗa kai da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, mu riƙa karɓar ɗalibanta su koyi aiki a wurarenmu, kowa ya zaɓi na hannun damansa tun da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.