Sana'ar da ba ta cin itace: jawabin ɗaya daga cikin membobinmu a taron cikar shekarar ƙungiya

Shugabarmu, ma'aji, sakatariya, iyayena da yayyena da ƙannena, da mazajenmu da suka zauna can baya suna saurare, ina yi wa kowa barka da wannan rana. Allah ya maimaita mana.

Takardar nan da kuke gani da hannuna na rubuta ta, dare uku ina fama. In kun ji na tsaya ina laluben kalma, ku yi mini haƙuri, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci. Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano tun 1980 aka kafa ta, amma ni sai da na aurar da 'yar fari sannan na riƙe fensir. Abu na farko da malamarmu ta sa mu yi da muka iya lamba shi ne kowa ta rubuta abin da take kashewa a sana'arta da abin da take samu. Wannan littafin shi ya jawo maganar da zan yi yau.

Da yawanku kun san ni da suyar awara da ƙosai a bakin kasuwa. Shekara da shekaru ina yi, ina ganin kuɗi na shiga aljihun zani, ina cewa alhamdu lillahi. Da na fara rubutawa sai na ga abin da ban taɓa gani ba: cikin kowace naira goma da na juya, kusan uku mai itace ne yake ɗauka, mai mangyaɗa ya ɗauki nasa, ni kuma na tashi da hayaƙi a ido da ciwon baya. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 abin ya ƙara ta'azzara, don itace da gawayi ma mota ce take kawo su. Nan na zauna na ce, to wai me ake sayarwa wanda ba ya buƙatar murhu?

Ashe amsar tana gidajenmu tun kaka da kakanni. Gumba ba ta hawa wuta. Kunun aya, duk da sunansa, ba a dafa shi. Jiƙon tsamiya, garin 'ya'yan kuka, garin ɗorawa, goruba, magarya, kanya, aduwa, duk ɗanyu muke cin su tun muna yara. Ɗana da yake karatu a Kano ya nuna mini a waya wai akwai Turawa a Amurka da Ingila da suka bar nama da madara da ƙwai, wasunsu ma ba sa cin dafaffe sam, kuma da tsada suke sayen irin wannan abinci. Na yi dariya na ce to ai mu talauci ya riga ya koya mana. Ya ce mini a ƙasar Sifen, a yankin Balensiya, da aya suke yin wani farin abin sha da suke alfahari da shi, kusan kunun ayarmu ne. Garin 'ya'yan kuka kuwa tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a shigar da shi a sayar a can. Abin da yaranmu suke fasawa da dutse a gindin bishiya.

Bari in fara da kunun aya, don shi ne ya fi kawo kuɗi, kuma shi ne ya fi kunyata mutum.

Busasshiyar aya nake saye, mafi yawanta daga wajen Maraɗi take zuwa, a Dawanau ake sauke ta. In kin ɗebi gwangwani huɗu, ki zauna ki tsince tsakuwa da wadda ta yi baƙi ko ƙwaro ya huda. Ki wanke sau uku, sau huɗu, har ruwan ya fito garau, don aya a cikin ƙasa take girma kuma ƙasar tana maƙalewa a jikinta. Ki jiƙa ta kwana, ki canja ruwan kafin ki kwanta. Dabino gwangwani ɗaya, ki fasa kowane ɗaya ki cire ƙwallon ki leƙa ciki, saboda tsutsa. Kwakwa ɗaya, a kankare baƙin bayanta. Ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, kanunfari 'yan ƙwayoyi. Kada ki cika kanunfari, yana danne ƙamshin ayar. A markaɗa ya yi laushi, a tace da kyalle mai tsabta sau biyu. In dabinon ya ji ba sai kin zuba sukari ba. Tukar da ta rage kada ki zubar: ki shanya, ko ki zuba wa awaki.

To ga inda na faɗi, kuma zan faɗa a gaban kowa don wata ta tsira. Bara waccan aka ba ni aikin kunun aya na wani suna, roba ɗari da hamsin. Ban taɓa samun aiki mai girmansa ba. Don kada in makara, sai na markaɗa tun bayan isha'i, a injin da aka gama niƙa kayan miya da wake ba a wanke shi sosai ba, na ɗura a robobi, na jera a ɗaki. Lokacin zafi ne, wuta kuma babu. Da asuba na ga wasu robobin sun kumbura. Na ɗanɗana ɗaya, na ji ɗan tsami-tsami, sai zuciya ta ce mini in an sa ƙanƙara ba wanda zai gane. Na kai. Washegari aka aiko mini cewa yara da dama sun kwana suna zawo, har an kai ɗaya asibiti an ƙara masa ruwa. Allah ya taƙaita, yaron ya tashi. Kuɗin na mayar, amma wata biyu ban iya bin ƙofar gidan ba. Laifin ba na mai inji ba ne shi kaɗai. Ni na ji tsamin da harshena.

Abin da na koya a nan, wutar da nake gudun kuɗinta ashe aiki biyu take yi mini. Tana dafa abinci, tana kuma kashe ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Ƙosai in ya fito daga tafasasshen mai, duk abin da ke cikin ƙullun ya mutu. Kunun aya kuwa abin da ya shiga ruwan, da abin da ke hannunki, da abin da ya kwana a cikin inji, duk suna nan da ransu, ga zaƙin dabino sun samu abinci. Shi ya sa cikin 'yan sa'o'i yake juyawa. Mun ga abin da amai da gudawa ya yi a jihar nan a daminar 2021, kuma kowa ya san ta ruwa da abinci yake bi.

Yanzu ga yadda nake yi. Ruwan da zan markaɗa da shi in tace da shi, tafasa shi nake yi tun dare in rufe ya huce. E, na sani, itacen ya dawo. Amma tafasa tukunya ɗaya ba ɗaya yake da wunin suya ba. Ni ce ta farko a wajen mai inji da sassafe, in tafi da ruwana in wanke injin da kaina, yana gunaguni ina yi. Ƙanƙara ba ta shiga cikin kunun, don ban san da wane ruwa aka yi ta ba. A cikin kula nake fasa ta in jera robobin a kai. Robar da aka tsinto a bola ko a tasha na daina saye, ko nawa take. Kuma abin da na yi da safe, in la'asar ta yi bai ƙare ba, na gida ne, in ya fara tsami na ƙasa ne. Gara in yi kaɗan ya ƙare mutane su tafi suna nema.

Wata magana kuma, tunda mu mata ne a nan, mazan ku toshe kunne. Na san abin da ake cewa kunun aya yana yi, kuma na san wasu da wannan tallar suke sayar da nasu. Ni dai abin sha nake sayarwa, ba magani ba. Haka mai ciwon sukari in ya tambaye ni, ba na ce masa sha kawai ba sukari a ciki. Dabino ma zaƙi ne, jiki bai san bambanci ba sosai.

Kayan da suka fi kwantar mini da hankali su ne busassu, don ba sa gudu da mutum. Akwai dunƙulen dabino da nake yi wa 'yan makaranta: dabino mai laushi kashi biyu, gogaggiyar kwakwa da ta sha rana kashi ɗaya, a daka a turmi har ya kama jikinsa, a mulmula kamar ƙwallon goruba ƙarami, a birgima a garin 'ya'yan kuka. Tsamin kukar yana yanke zaƙin, yara suna so. Da rani yakan yi kwanaki a rufaffen mazubi. Da damina kada ki yi da yawa, kwakwar tana fumfuna. Gumba kuwa ba sai na koya wa kowa a nan ba, sai dai in ce a surfa geron da kyau, a wanke, a bar shi ya tsane kafin a daka da citta da masoro, kuma in kin kirɓa da dabino maimakon sukari ta fi daɗewa da laushi. Ni ba na ba wa yaron da bai daɗe da yaye ba, tana yi masa nauyi a ciki.

Sai kwaɗo. Mu da Allah ya ba mu dam ɗin Watari a ƙofar gida, da rani tumatir da albasa da latas da kabeji har sai sun rasa mai saye, wani lokaci manomi ya bar kwando a bakin hanya. Ki yanka tumatir mai ƙwari da albasa da tattasai ƙanana, ki matse lemun tsami, gishiri, ɗan attaruhu, garin ƙuli, mangyaɗa cokali biyu. Wannan mahaɗin yana hawa kan latas, yana hawa kan jiƙaƙƙen garin kwaki, har gurasa na ga ana ci da shi. Gaskiya dai ƙuli ya ga wuta, garin kwaki ma haka, ba zan ce muku ɗanyu ba ne. Ganyen kuwa a wanke shi ɗaya-ɗaya da ruwa mai kyau, ba a tsoma a fitar ba, don mun san takin da ake zubawa a fadama. Kuma a kula da gyaɗar da aka yi ƙulin da ita. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana da wani dafi mai lalata hanta, suya ba ta kashe shi. Wadda ta yanƙwane ko ta canja launi a tsince a zubar, kada a ce a bar wa yara.

Kada kuma wata ta tashi daga nan ta ce an ce komai ɗanye ya fi. Wake ba a cin sa ɗanye, waken suya ma haka. Rogo mai ɗaci yana kisa in ba a sarrafa shi ba. Zogale da rama gara a ci gaba da dafa su yadda muka gada.

Yanzu roƙona ga ƙungiya. Na duba littafina na wata shida: ribar kunun aya ta fi ta awara, amma abu biyu suke cinye ta, kuɗin ƙanƙara da asarar ranar da bai ƙare ba. Da azumi ƙanƙara takan yi tsadar da sai kin yi tunani sau biyu. A cikinmu na ƙirga mata bakwai da suke wannan sana'a ko suke son shiga, kowa tana bin layin inji ɗaya da masu markaɗen kayan miya. Ina ba da shawara cikin kuɗin da muka tara na bana a sayi ƙaramin injin markaɗe wanda ba zai taɓa ganin tattasai ko wake ba, na aya da dabino kawai, a ajiye a gidan da aka yarda da shi, duk wadda ta yi amfani ta biya wani abu a asusu. In ya mayar da kuɗinsa, sai mu yi maganar firiza mai aiki da hasken rana. Na san akwai masu son a raba kuɗin kowa ta kama gabanta, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da nauyin da ke kanta. Amma a sa maganar a taron wata mai zuwa, a ɗaga hannu, abin da ya fi yawa a bi.

Littafin nawa yana nan a wajen ma'aji, duk mai son dubawa ta duba, rubutun ne dai sai a hankali. Kunun da za a raba muku yanzu da asubar yau aka markaɗa shi, dunƙulen dabinon kuma na yara ne, iyaye a bar musu.