KUJERU BIYU NA GEORGES CONDAT
Jawabi ga rassan jam'iyya na Tasawa da Mayahi



Yau za mu ɗauki tarihin mutum guda, ɗan ƙasarmu, don mu ga inda ƙarfin wakili yake.

An haifi Georges Condat a Maraɗi a 1924. A 1948 aka kafa jam'iyyar UNIS a Maraɗi, da goyon bayan Gwamna Toby da sarakuna, don a karya PPN-RDA. A wannan shekara aka zaɓi Condat ya tafi majalisar dokokin Faransa a Paris, bai ko cika shekara 24 ba. Aka sake zaɓensa a 1951. Sa'an nan ya bar UNIS, shi da Issoufou Saidou Djermakoye suka kafa BNA, ya koma Paris a Janairun 1956.

Ƙarshen 1956 BNA ta haɗe da UDN ta Jibo Bakari. Haɗakar ta zama reshen MSA, mai ƙawance da jam'iyyar sosiyalis ta Faransa, amma talakawa Sawaba suka san ta. A zaɓen Maris 1957 ta ci kujera 41 cikin 60 na majalisar ƙasa ta Yamai. Jibo ya kama gwamnati, Condat ya zama shugaban majalisa. Ga kujera a Paris, ga kujera a Yamai. Wa zai ce akwai mai taɓa shi?

To, ku saurara. A 1958 Janar De Gol ya ce a zaɓa: I, a zauna da Faransa, A'a, a karɓi 'yanci nan take. Sawaba ta ce A'a. Faransa ta aiko Gwamna Colombani, sarakuna da yawa suka juya baya. Ran 28 ga Satumba A'a ta tashi da wajen kashi 22 cikin 100. Jibo ya sauka, aka rushe majalisa, shugabancinta ya tafi da ita. A zaɓen 14 ga Disamba mutanen Tasawa suka ba Sawaba ƙuri'unsu. Aka soke, aka miƙa kujerun ga abokan hamayya. A Oktoban 1959 aka hana jam'iyyar baki ɗaya.

Condat ya yi wa Nijar aikin jakada daga baya, ya rasu a 2012. Allah ya jiƙansa. Ba mu zo cin mutuncinsa ba. Abin da muke so ku riƙe shi ne: kujera aro ce, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Wadda gwamna ya taimaka aka hau, gwamna na iya janye ta. Wadda talakawa suka bayar, sai talakawa sun iya tsare ta.

Saboda haka ga aikin kowane reshe:

1. Kowane ɗan jam'iyya ya yi rajista, ya adana katinsa na zaɓe.
2. Ran zaɓe a sa mai karatu ya zauna wurin ƙirga, ya rubuta adadi, kada ya tashi sai an sa hannu.
3. In wakilinmu ya zo, kada a tsaya ga kiɗa da kirari. A zaunar da shi ran kasuwa, a tambaye shi me ya faɗa a majalisa kan kuɗin gero da gyaɗa, da lanho, da rijiyoyi, da lakwal ɗin 'ya'yanmu.

Kakanninmu na Tasawa sun jefa ƙuri'a, aka ƙwace. Mu kada a ƙwace tamu muna kallo.

Allah shi taimake mu. Wassalam.